Ƙafar Maƙwabcina da Na Binne a Wata Ƙasa

Assalamu alaikum, Edita. Bayan gaisuwa gare ka da masu karatu, ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani abu da ya same ni, wanda har yau ban gama sauke shi daga zuciyata ba. Da ajami na rubuta, don shi na iya, wani ya taimaka ya mai da shi boko.

A shekarar da ta biyo bayan ƙarewar yaƙin basasa, ni tela ne a Kafanchan, rumfata tana bakin kasuwa, ba nisa da tashar jirgi. Allah ya buɗa mini a ɗinki har na sayi babur, kuma a unguwarmu lokacin masu babur ba su da yawa, saboda haka kaina ya ɗan kumbura. Wanda ya koya mini hawa maƙwabcina ne, mutumin Kagoro, Kirista, yana aiki a loko inda ake gyaran kan jirgi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. In Kirsimeti ta zo, ni yake kira in yanka masa akuya don iyalina su ci, in sallar layya ta zo matarsa ce take taya matata suya. Yana ce mini Malam, ni kuma ina ce masa Injiniya. Kullum yana yi mini dariya wai ina riƙe kan babur kamar wanda ya kama kunnen jaki, wai ranar da na daina karanta addu'a a kowace kwana, ranar ce zai yarda na iya.

Sai wani falke ya kawo mini labari cewa malamin da ya koya mini karatu, wanda ya koma garinsu can bayan Maraɗi a ƙasar Nijar, yana kwance ba lafiya, yana ta ambatona. Na ce da babur zan je. Injiniya ya ji, ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba, wai ko filogi ban iya kwancewa ba, balle in faci taya a daji. Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Da safen da za mu tashi, matarsa ta fito da goyo, ta ɗaura mana ƙullin gyaɗa da soyayyen nama a bayan babur, ta ce da ni, Malam ga amana nan, mutumin nan ba shi da hankali in ya ga hanya, wai ni ne babba, in riƙa tsawata masa. Muka yi dariya duka, na ce in sha Allahu yadda ta ba ni shi haka zan dawo mata da shi.

Muka bi ta Kachia da Kujama muka shiga Kaduna, muka wuce Zariya, muka kwana a hanya, muka kai Katsina. Kusan duk tafiyar shi yake tuƙi, ina baya. In lokacin salla ya yi, shi yake fara tsayawa ya nemo mini ruwa, ya zauna a gindin itace yana goge babur har in idar. Da muka wuce Jibiya muka isa bakin iyaka, aka duba takardunmu a ɓangarenmu, muka tura babur zuwa ɓangarensu, inda aka gitta wani dogon itace a hanya. A nan ne Shaiɗan ya raya mini abin da ya raya mini. Na ce a raina, yaya zan shiga garin malamina a bayan wani, a kan babur ɗina, mutane su ɗauka ni aka ɗauko? Na ce da Injiniya ya koma baya, daga nan ni zan ja. Ya dube ni, ya ce Malam a bari mu wuce nan tukuna, hanyar baƙuwa ce. Na ce ai babur ɗin nawa ne. Sai ya koma baya.

Matasan yanzu ba za su gane ba sai an yi musu bayani. A wancan lokaci a Najeriya hannun hagu ake bi a kan titi, su kuwa mutanen Nijar hannun dama suke bi. Jandarman da ya ɗaga mana itacen, wato ɗan sandansu, ya faɗa mana da Hausa rangaɗaɗau cewa a ƙasarsu dama ake bi, kada mu manta. Na ce na ji. Injiniya ma ya ƙara mini da wasa, wai in tuna da hannun da nake cin tuwo. Wallahi na ji, kunnena ya ɗauka. Amma hanyar siririya ce, yashi ya cinye gefenta, kuma muka yi tafiya mai tsawo ba mu gamu da ko keke ba, sai na koma tsakiya inda ƙasa ta fi ƙarfi, hankalina ya tafi wajen malam, ina tunanin ko zan same shi da rai.

A wata kwana ce babbar mota ta ɓullo, an yi mata lodin gyaɗa har sama. Direban ya danna ham ya kauce zuwa damansa, yadda ya saba tun da ya fara tuƙi. Ni kuma hannuna, ba tare da ya shawarce ni ba, ya kauce zuwa haguna, yadda aka koya masa a titin Kafanchan. Damansa da haguna wuri ɗaya ne. Na ji Injiniya yana bugun kafaɗata yana ihu wai dama, dama, ni kuwa ina ƙara matsawa hagu, ina ganin direban ne ya shigo mini. Na faɗa cikin yashi, gefen motar ya share mu. Ni aka jefar can cikin ƙaya, ban samu komai ba sai ƙujewa. Da na miƙe na ga ƙafar daman Injiniya daga gwiwa zuwa ƙasa ta ragargaje, sai na durƙusa kusa da shi. Bai yi kuka ba. Tambayata kawai yake ko na ji ciwo.

Direban, Allah ya saka masa da alheri, ya juya motarsa ya ɗauke shi zuwa asibiti. Na kama ƙarfen mota zan hau, jandarmomin da suka iso suka riƙe ni, suka ce ni ne mai laifi, ni da babur ba inda za mu sai an gama bincike. Na roƙe su da Allah da Annabi, na ce mutumin nan ba ya da kowa a ƙasar nan sai ni, suka ce doka ce. Ina tsaye motar ta tafi da shi, ban san sunan asibitin ba, ban san ko zai kai da rai ba.

Suka ajiye ni a wani ɗaki bayan ofishinsu. Ba su doke ni ba, har fura suke ba ni, amma ban taɓa sanin abin da ake kira rashin iko ba sai a ɗakin nan. In na tambayi labarin maƙwabcina, sai a ce babban yana zuwa. In babban ya zo, sai ya yi ta Faransanci da na ƙasa da shi, a rubuta, a ce in jira. Ba waya, ba wanda zan aika Kafanchan, ba wanda ya san inda muke. Na yi salla, na yi addu'a har harshena ya bushe, amma duk sanda na ɗaga hannu sai in ga hannun da ya kauce hagu.

Bayan wasu kwanaki aka haɗa ni da jandarma guda ya kai ni asibitin. Tun daga ƙofar ɗaki na ji warin. Injiniya yana kwance, zazzaɓi ya rufe shi, yana magana da harshen Kagoro wanda ban iya ba, bai ma gane ni ba. Likitan Bature ne, ya yi magana ta bakin tafinta. Ya ce ƙafar ta ruɓe, in ba a yanke ba mutumin ba zai kai jibi ba, kuma suna so ɗan'uwansa ya amince, ni ne ɗan'uwan? Na ce ni maƙwabci ne. Na ce yana da uwa da yayye a gindin dutsen Kagoro, yana da mata, magana irin wannan ba a yanke ta sai sun zauna. Tafintan ya ce Malam, Kagoro kuma ina ne? Na ce to a tashe shi a tambaye shi, mutum ne mai hawa kan jirgi da ƙafafunsa, da su yake ci da iyali. Aka ce ba ya cikin hayyacinsa. Na duba hagu na duba dama ko akwai wani babba da zai ɗauke mini, babu kowa sai jandarman yana kallon ƙasa. Na ce a yanke.

Da aka gama, na roƙi a ba ni ƙafar. Suka yi mamaki, amma suka ba ni. Na naɗe ta da farin rawanin da na ɗauko don gaida malamina, na ari fartanya, na haƙa rami mai zurfi a gindin wata bishiyar bedi bayan asibitin. Ban san addu'ar da suke yi a cocinsu ba, na ce dai ya Allah, wannan naka ne, ni na jawo, ka bar mana sauran. A asibitin nan labari ya iske ni, ta bakin wani mutumin garinsu, cewa malam ya rasu. Ban je ba.

Injiniya ya farfaɗo ya ga wurin da aka yanke. Na faɗa masa ni na ce a yanke. Ya juya fuska bango, ya yini a haka. Da ya iya tafiya aka sake ni, na bar musu babur ɗin, muka hau mota zuwa Kano, muka shiga jirgi. A tashar Kafanchan abokan aikinsa ne suka sauko da shi. Matarsa ta dube shi, ta dube ni, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, Malam, haka na ba ka shi?

Na bi su Kagoro don in tsaya gaban danginsa. Na zaci duka ko kotu. Mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ba ta jin Hausa, ta sa aka tambaye ni abu ɗaya, wai ina ƙafar ɗanta, an jefa wa karnuka ne? Na faɗa mata yadda na yi, da rawanin, da bedin. Sai ta ce a ba ni ruwa in sha. Iyakar shari'ar ke nan, kuma ta fi mini kowace shari'a nauyi.

Aikin loko ya ƙare masa. Na saya masa keken ɗinki na hannu, na sa masa benci a rumfata, wanda ya koya mini babur na koma ina koya masa yankan wando. Shekara ta zagayo, sai gwamnati ta ce mu ma mu koma hannun dama. Ranar da aka fara, muna zaune muna kallon direbobi suna ta rikicewa a gaban kasuwa, ya taɓa ni da sandarsa, ya ce Malam ka gani, an juya ƙasa guda saboda kai, da ka yi haƙurin shekara ɗaya da yanzu ina da takalma biyu. Ya yi dariya har da hawaye. Ni ban iya ba, na shiga bayan rumfa.

Abin da na koya shi ne, kunne yana jin gargaɗi, amma in tsoro ya zo, hannu abin da ya saba yake yi. Duk mai ƙetare iyaka, ya sani ba takarda kaɗai ake canzawa a wurin ba, ya tsaya ya tambayi yadda ake yi, ya yi a hankali har jikinsa ya koya. In kuma akwai wanda ya fi ka iyawa a tare da kai, ka bar masa, kada son a gan ka ya sa ka karɓa. Ni na so mutanen garin malamina su gan ni a gaba, ban ko kai garin ba. Maƙwabcina ya ce ya yafe mini tun a jirgi, na kuma yarda da shi, amma har yau in na ji ƙarar sandarsa yana tahowa rumfa da safe, sai na yi istigfari kafin in amsa gaisuwarsa. Allah ya tsare matafiya, ya kuma tsare waɗanda suka hau bayansu.