Garin da Aka Hana Tsohuwa Zama

Jos zuwa Abuja

Kafin zakara ya yi cara na bar Anguwan Rukuba, da jaka ɗaya da ƙullin acha da busasshiyar yakuwa. Italiya na nufa, wurin 'yata Rifkatu, ma'aikaciyar jinya. Babanta ya rasu bara, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Aka yi zaman makoki babu ita, kuma tun daga lokacin ko a waya ba ta ambatonsa. Abin da ya ɗaga ni ke nan: mu zauna, ni da ita.

A Hawan Kibo wani soja ya taɓa ƙullin ya tambayi ina za ni. Da na faɗa masa, ya ce, "Mama, Turai da acha? Ba su da abinci ne?" Direba ya yi dariya, ni ban yi ba. Kafin azahar muna Abuja, da dare jirgi ya tashi.

Roma

Rifkatu ta rame. Ta rungume ni, kafin in buɗe baki ta ce, "Mama, Asabar kaɗai nake da hutu, na shirya mana komai."

Asabar da asuba na yi gwaten acha na zuba a kula. Ta ce, "Ba lokaci, za mu sha a hanya."

Muka fara da Kolosiyum, wani ƙaton kango da aka ce a can ake haɗa mutane da namun daji a zamanin da. Layinsa ya fi na gidan mai ranar wahalar fetur. Mun shiga mun fito, ban gama gyara kallabi ba ta ja ni zuwa maɓuɓɓugar Tirebi, inda manya da hankalinsu suke juya baya suna jefa kuɗi a ruwa. Na ce, "Da babanki yana nan…" Ta yi caraf ta ce, "Mama, dubi wancan gunkin!" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na baro Jos ne don in kalli dutse? Mu da duwatsu suka yi mana yawa?

Da rana ta take, ƙafafuna suka ƙi. Muka iso wata matakala mai faɗi da ake kira ta Sifaniya. Na shimfiɗa zane, na zauna, na buɗe kula. Sai na ji usur, fir! Wata 'yar sanda ce take ɗaga mini hannu.

Rifkatu ta ce, "Mama, tashi! An hana zama a nan, tara suke ci."

Na ce, "Matakala ce ko gadon sarauta? A Gada Biyu, can Jos, ko gaban shagon wanda bai san ki ba kika tsaya, benci zai miƙo miki!" 'Yar sandar ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskata.

Na tashi, na naɗe zanena, na dubi 'yata na ce, "Na gama kallo. Ke ma tun safe usur kike hura mini."

Muka bi wani lungu har bayan wani ƙaramin coci, muka samu dakali, babu mai usur. Na miƙa mata cokali. Ta kai ɗaya baki, ta ce, "Yakuwa ta yi yawa. Haka Baba yake so." Sai kuka ya ƙwace mata. Na bar ta ta yi, ni ma na yi nawa. Ta tambayi waɗanda suka ɗauki akwatin gawar, da waƙar da aka rera, da inda aka kwantar da shi, na faɗa mata duka. Fadar Paparoma da Rifkatu ta yanka mana tikitin shiga kuwa, ba mu taka ba. Muna nan zaune har kula ta koma wayam.

Gida

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa maƙwabciyata da ta kula mini da kaji. Washegarin dawowata matan zumuntar cocinmu suka cika falo.

"Maman Rifkatu, kin ga Paparoma?"

Na ce ban gan shi ba.

"Har Roma? To me kika je yi?"

Na ce, "Zaman makoki."