Baba Halliru, Mai Bin Sawun Ƙugi

Da hantsi Baba Halliru yake fita daga Rimawa a kan kekensa, ƙaramar rediyo manne da kunne. Ba labarai yake saurare ba. Yakan murɗa ta inda babu tasha, ya bi ƙugin da take yi har ya kai ga abin da ke jawo shi: cajar banza, janareto, ko wayar wuta da aka nannaɗe da ta lasifikar masallaci don tsimin turke. An daɗe ana yi masa dariya, mu ma mun yi.

Da famfunan sola suka cika fadamar Rima, manoma suka samu inuwa a ƙarƙashin faifan sola, suka riƙa rataye rediyo a jikin akwatin inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta kai wa famfo. Sai shuu take yi, su kashe ta suna zagin batir. A haka aka yi sanarwar sakin ruwan dam ɗin Goronyo a rediyo, wani manomi Abdulƙadir bai ji ba. Ruwa ya tafi da albasar da ya tara a bakin gulbi, har da jakinsa da ke ɗaure.

"Baba, rediyon ga ta ci amanata," in ji Abdulƙadir da ya haɗu da Baba Halliru, ido jawur.

"Ba ita ta ba, ɗana. Akwatin ga shi ka toshe mata baki. Raba su."

Daga ranar Baba Halliru ya bi fadama gona-gona har Kwargaba, yana raba wayoyi, yana kafa ƙarfe a ƙasa don ya shanye ƙugin, yana roƙon mutane su nisanta rediyo da akwati. Ba wanda ya aike shi.

Kai ne ka sha ƙara don mu ji magana, Baba. Abin da ke ci mini rai shi ne kunnen da ka yi mana aiki da shi ya mutu, ka jingine keke, kuma ba wanda ya koya daga gare ka. Da na je yi maka godiya, bakina ka zuba wa ido, ka ce, "Mi kac ce?"

Cewa na yi Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma samarin fadama, ku je ku zauna gabansa tun bakinsa na magana. Za a sake sakin ruwa, kuma shi ma yanzu ba zai ji ba.