Hasiya Odita da Siton Dogon Maje

A Malali in ka ce Hasiya Yahaya, sai an tambaye ka wacce. Amma ka ce Hasiya Odita, ko mai shayin bakin layi zai nuna maka gidan, ga shi can kusa da injin markaɗe. Mace ce doguwa, marar yawan magana, wadda in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tunanin ko akwai abin da ka ɓoye.

A Kawo aka haife ta, 'yar Alhaji Yahaya mai yadi. Yayyenta maza duk kasuwa suka bi, ita kaɗai ta riƙe boko har ta karanci aikin akanta. Ta auri Mubarak, malamin sakandare mai sanyin hali, suka tare a Malali, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Tana goyon na biyu ta samu aiki a wani kamfani da ke Mando, mai rarraba wa manoma takin zamani da iri da maganin feshi. Kamfanin yana da sito-sito a ƙauyuka, daga hanyar Zariya har hanyar Birnin Gwari. Aikin sashen oditoci shi ne su zagaya su tabbatar abin da aka ce yana cikin sito yana ciki.

Wanda ya koya mata aikin Malam Zakariyya ne, wani Bazazzage da ya gina gidansa a Katabu, kowa Malam Zakari yake ce masa. Ranar da ya fara fita da ita, ta tsaya a bakin ƙofar sito tana duba buhunan da aka jera har rufi, ta ce ai kaya sun cika.

"'Yata, layin gaba na baƙo ne," in ji shi. "Hau sama ki leƙa tsakiya."

Ta tattare zane ta hau. Tsakiyar rami ne, an kwashe buhunan an bar katanga. Tun daga ranar ba ta sake yarda da layin gaba ba. Malam Zakari yana da ciwon suga, duk inda za shi da 'yar kularsa ta ƙanƙara wadda yake ajiye allurarsa a ciki. Direbobi suna tsokanarsa wai fura yake ɓoyewa don kada ya sam musu.

Shekaru suka tura, Hasiya ta ƙara karatu, takardunta suka ɗaga ta sama da malaminta. Da aka ba ta shugabancin sashen, shi ya fara shigowa ofishinta, ya cire hula da wasa.

"Ranki ya daɗe."

"Malam, don Allah ka bari."

"Ba zan bari ba. Kujera ake gaisarwa."

Abin da ta tarar a sashen ba na daɗi ba ne. An raba oditocin tawaga-tawaga, kowace da shugabanta, amma in ka cire Malam Zakari, sauran ba sa zuwa ko'ina. Sai su fita da mota da safe, su samu inuwa a Kawo su zauna, su kira mai kula da sito a waya, su rubuto cewa komai lafiya. Asiri ya tonu ne da damina ta faɗi. Manoman wani yanki suka yi layi don karɓar taki, aka buɗe sito aka tarar da ɓeraye kawai. Kafin a kawo wani, lokacin zuba taki ya wuce, masara ta yi ja a gonaki.

Manajan kamfanin, Alhaji Dauda, ya kira ta. Bai ko ce ta zauna ba.

"Hajiya, na gaji da jin 'muna ƙoƙari'. Ƙoƙari ba ya aunuwa. Ki kawo mini abin da zan auna kowane shugaban tawaga da shi, in ga wanda ya yi da wanda bai yi ba."

Ta koma ta zauna ta tsara. Kowane shugaban tawaga dole ya sa ƙafarsa a cikin kowane sito da ke ƙarƙashinsa sau ɗaya a duk wata uku. Dole ya turo hoto daga cikin siton, da waya mai nuna inda mutum yake tsaye. Wanda ya tsallake sito ɗaya sau biyu a jere, za a sauke shi daga shugabanci. Ba kwana-kwana a ciki, ba "sai dai in". Alhaji Dauda ya karanta ya gyaɗa kai, ya sa hannu.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Inuwar Kawo ta rasa baƙinta. Masu kula da sito suka shiga taitayinsu, satar taki ta ja baya. Hasiya ta ji daɗi a ranta, har ta riƙa ba Mubarak labari suna cin abinci.

Sai hanyar Birnin Gwari ta ƙara lalacewa. 'Yan bindiga suka riƙa tare motoci da rana tsaka suna kora mutane daji. A can ciki kamfanin yake da wani ƙaramin sito a ƙauyen Dogon Maje, kuma yana ƙarƙashin Malam Zakari. A zangon farko bai je ba, don makon da ya shirya tafiya aka kai hari a hanyar. Aka rubuta masa tsallake ɗaya. Da zango na biyu ya kusa ƙarewa, ya shigo ofishinta ya zauna, ya ɗora kularsa a cinya.

"Ranki ya daɗe, maganar Dogon Maje ce. Hanyar nan ba ta biyuwa."

"Na sani, Malam."

"Akwai masu ba direban babbar mota wayarsu, ya je ya ɗauko musu hoto. Ke ma kin sani. Ni ba zan iya ba, na tsufa da wannan."

Ta sani ɗin. Ta daɗe tana zargin Abdulmalik, wani matashin shugaban tawaga, da yin haka, don hotunansa buhuna ne kawai, ba fuska. Ta ce wa Malam Zakari ya ba ta lokaci ta ga manaja.

Alhaji Dauda yana shirin fita ta same shi.

"Yallaɓai, ina roƙon a cire Dogon Maje daga ma'aunin Malam Zakari har hanya ta gyaru."

"Ke kika rubuta fa, Hajiya. In kin cire wa mutum ɗaya, gobe kowa zai ce hanyarsa da 'yan bindiga. Direbobinmu ba su bi? Manoma ba su bi? Ran kasuwa ma sojoji suna rakiya."

Tana da amsa. Tana iya cewa direba ajiye kaya yake ya juyo, shi kuwa odita sai ya wuni. Tana iya cewa mutumin dattijo ne mai ciwo. Amma maganar "ke kika rubuta" ta tsaya mata a rai, ta ji kamar in ta matsa za a ce mace ce, ta kasa riƙe dokar da ta kafa da hannunta, ko kuma a ce tana kare malaminta. Ta ce, "To, yallaɓai," ta fito.

Ta gaya wa Malam Zakari yadda aka yi. Ta ƙara da cewa, "Amma kada ka je, Malam. In an sauke ka, zan san yadda zan yi daga baya."

Ya yi murmushi. "Saura kaɗan in yi ritaya, 'yata. Tun da nake ba a taɓa rubuta mini na gaza ba. Ba zan fita da tabo ba. Ran kasuwa zan bi rakiyar sojoji, in je in dawo."

Ba ta hana shi da ƙarfi ba. Tana da ikon hana shi mota, ba ta yi ba.

Ran kasuwar, bayan azahar, hoto ya shigo wayarta. Malam Zakari ne tsaye a saman buhunan taki, hularsa ta karkace, yana dariya. A ƙasa ya rubuta cewa tsakiya ma a cike take. Ta yi ajiyar zuciya ta ci gaba da aikinta. Da la'asar ta kira ta ji ko sun taso, wayar a kashe. Ta kira Auwal, direban da ya kai shi, ita ma a kashe.

Daga baya aka san abin da ya faru. Ayarin da sojoji ke rakawa ya taso tun Malam Zakari bai gama duba kaya ba, ya ce ba zai bar aiki rabi ba. Suka biyo bayan ayarin su kaɗai, aka tare su a wata kwana.

Masu garkuwar suka kira Atika, matar Malam Zakari, suka faɗi abin da suke so. Kamfani ya ce shi ba ya ciniki da 'yan ta'adda, sai dai ya taimaka a ɓoye, kuma taimakon ya yi ta jiran sa hannun wani da ke Abuja. 'Yan'uwa suka sa gonarsa ta gado a kasuwa. Hasiya kuwa allurar ce ta hana ta sukuni. Ta san abin da ke cikin kular nan ba zai kai shi ko'ina ba. Ta sayi magani ta haɗa da ƙanƙara, ta ba mutumin da ke shiga tsakani, ta roƙe shi da girman Allah. Ya karɓa ya ce zai kai. Ta sake saye ta sake bayarwa. Har yau ba ta san inda maganin ya tsaya ba.

Bayan makonni aka sako Auwal shi kaɗai. Ta je ta same shi a asibiti, ya rame har ba ta gane shi ba, ƙafafunsa a kumbure. Da ya gan ta ya juya fuska bango.

"Hajiya, Baba ya rasu."

Ta zauna a bakin gadon da ke kusa.

"Tun ranar farko suka fasa kular, sun ɗauka abinci ne. Daga nan sai ƙishirwa. Ruwa, ruwa, ba abin da yake nema sai ruwa. Ni nake goya shi in za a canza wuri. Daga baya ya daina gane ni, yana kirana da sunan ɗansa. Wata safiya na taɓa shi na ji ya yi sanyi." Sannan Auwal ya ƙara da cewa, "Sun bar mu mun yi masa salla, ni da wani bawan Allah. Da itace muka tona kabarin, a bakin wani rafi. Ko an mayar da ni ba zan gane wurin ba."

A Katabu aka yi zaman makoki ba gawa. Hasiya ta daɗe a cikin mota a ƙofar gidan kafin ta iya fitowa. Ta shiga ta durƙusa gaban Atika, tana jiran duk abin da za a faɗa mata.

"Ke ce Hasiya?" in ji Atika. "Kullum sai ya ambace ki. 'Yata ta ce, 'yata ta yi."

"Mama, Allah ya jiƙan Malam. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin. In tambaye ki mana. Aikin da ya je yi, ya gama shi?"

Hasiya ta ce, "Ya gama, Mama."

"To alhamdulillahi."

Atika ta juya ga mai gaisuwa ta gaba. Da zagi aka yi mata, Hasiya tana ganin da ta fi samun sauƙi.

A taron ƙarshen shekara Alhaji Dauda ya sa aka yi wa marigayi addu'a. Sannan ya sanar cewa a zangon da ya wuce sashen oditoci ya cika ma'auninsa ba tsallake ko ɗaya, karo na farko a tarihin kamfanin. Aka yi tafi. Aka kira Hasiya ta karɓi allon yabo. Ta tashi ta karɓa, don ɗakin a cike yake kuma ba ta san yadda ake ƙi ba.

Washegari ta kai wa Alhaji Dauda gyara: duk siton da hanyarsa ke da haɗari, shugabar sashe tana da ikon dakatar da zuwa, ba tare da an rubuta wa kowa gazawa ba. Ya sa hannu nan take, ko karantawa bai gama ba. A lokacin an riga an rufe siton Dogon Maje, don mutanen ƙauyen sun watse.

Ta so ta ajiye aikin. Mubarak ya ce mata ajali ne, ko a kan gadonsa Malam yake sai ya tafi. Ta ce ta sani, ta yi imani da haka, amma maganar ba ta sa ta barci. Likita ya ce jininta ya hau, ya ɗora ta a kan ƙwayoyi. Yara suna makaranta, albashin malamin sakandare ba zai riƙe gida ba, don haka ta zauna. Har yanzu ita ce shugabar sashen, kuma har yanzu ita ke tsara ma'aunin kowace shekara, sai dai ta kan daɗe a kan kowane layi.

Ta riƙa zuwa Katabu lokaci-lokaci da ɗan abin da ya sawwaƙa. Atika tana karɓarta da fara'a, su yi hirar yara da tsadar gari. Wata Asabar bayan ƙaramar salla ta je ta tarar an sake wa ƙofar gidan fenti. Wata mata da ba ta sani ba ta leƙo, ta ce ai an sayar da gidan, mai shi ta kwashe 'ya'yanta sun koma wajen danginta a ƙasar Zariya. Hasiya ta tambayi sunan garin. Matar ta ce wallahi ba ta tambaya ba.