Sa hannu a wurin wani, hatimi a wurin wani

"Na sa hannu," in ji sabon kansilanmu, "amma hatimi yana wurin tsohon kansila, ya ƙi miƙawa."

Maƙwabciyata Maman Rifkatu na raka wurinsa. 'Yarta ta samu gurbin karatun jinya, kuma sai ta kai takardar shaidar kansila kafin Juma'a.

Muka hau keke Napep har unguwar Fadaman Mada, gidan tsohon kansilan. Ya ce, "Mama, ban faɗi zaɓe ba, maganar tana kotu. Ba zan buga hatimi a ƙarƙashin sunan wancan ba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, makarantar za ta jira kotu ne?"

Sai ya ce ta yi haƙuri.

Wanda aka rantsar shi ke riƙe da kujera har kotu ta yanke hukunci, hatimi kuwa na ofis ne. Yau Laraba. Jama'a, ƙofar wa za mu buga?