Makullin Auta

Ƙanena mai gyaran rediyo ne. Shekara arba'in ya yi a shago ɗaya, tsakanin tela da mai faci, har mutane suka daina kawo rediyo ya koma gyaran waya. Bai yi nisa a boko ba, kamar ni. Injiniya ake ce masa, tun ana faɗa da tsokana har sunan ya bi shi.

Bayan rasuwar matarsa ya tattara kaset-kaset ɗin gida, da hotuna, da bidiyon da yara suka ɗauka, ya zuba su cikin wata kwamfuta da ya haɗa daga matattu guda uku. Ya ɗora ta kan benci a ɗakinsa, batir a ƙasa, ba a kashe ta. 'Ya'yansa huɗu sun watsu a garuruwa, yana so kowa ya shiga ta intanet ya ji muryar uwarsa daga inda yake.

Amma bai bar ƙofar a buɗe ba. "Yaya, in na wangale wa nawa, kowa ma zai shigo," in ji shi. Sai ya yi ɓoyayyiyar hanya, kowa da makullinsa. Makullin zane ne mai ɗigo-ɗigo a takarda, ka haska shi da wayarka, sannan ta sami shiga. Kuma hannu da hannu yake bayarwa. Ya ce abin da ya bi ta saƙo, ba ka san idon da ya gan shi ba.

Uku suka zo suka karɓa. Auta ce ta rage, nas ce a wani asibiti, tafiyar kwana biyu. Na sha jin su a waya.

"Baba, ka ɗauki hotonsa ka turo min mana. Wa zai saci muryar Mama?"

"Ki zo ki karɓa, uwar ƙiwuya."

"Kai dai da taurin kai."

"Ke a wurin wa kika gada?"

Su yi dariya su ajiye. Shekara uku ana haka. Da ajali ya zo, kwana huɗu ya yi yana jinya, tana kan hanya aka kai shi makwancinsa. Ta zauna makoki ta koma, ba wanda ya tuna da zancen makulli.

Ni aka bar wa ɗakin. Abin da na iya shi ne goge ƙura da duba batir. Wani lokaci da rana tsaka ina zaune, sai kwamfutar ta soma gunaguni ita kaɗai, fitilarta na ƙyaftawa: ɗaya daga cikin yaran ne ya shigo daga nesa. Na sani sarai, amma har yau sai na yi sallama kafin in ɗaga labulen.

Wata biyar bayan rasuwarsa muna kwashe shagon, na tsinci ambulan a cikin wata matacciyar rediyo. A bayanta rubutunsa: "Na Auta. A hannunta." A lokacin fankar kwamfutar ta fara kuka, kuma babban yayansu ya gaya min gaskiya: babu wanda ya iya gyaranta a cikinsu, balle yin sabon makulli. Ranar da ta tsaya, shi ke nan.

Na kira Auta.

"Baffa, kai ai ba ka da rigimarsa. Turo min kawai, ba ni da hutu sai baɗi."

Na ɗora wayar a saman takardar, na daɗe a haka, na kasa dannawa. Shekarata saba'in da huɗu, gwiwoyina ba su son mota. Na sa ambulan a aljihun ciki na kama da fil, na tafi.

A ɗakinta ta zaunar da ni kan kujera, ita ta zauna a ƙasa da kayan aiki a jikinta. Ta haska. Wayar ta yi ta juyi har na fara tunanin ko fankar ta tsaya a bayana. Sai ta buɗe. Ta taɓa na farko a jerin kaset-kaset ɗin, muryar ubanta ta fito.

"Ana ji? Ɗaya, biyu. Ke, matso kusa ki yi magana."

"In ce me?" in ji uwarta, tana dariya.

Auta ta ajiye wayar a ƙasa a hankali.

"Baffa, wannan daga ɗakinsa yake fitowa? Yanzu haka?"

"Daga can."

"Wa ke ciki?"

"Babu kowa. Na sa kwaɗo na taho."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta miƙa hannu ta ƙara murya.