Randunan Sadakar Hasina

A ƙauyen nan na bakin tur'a, wato babban magudanar da ke kai ruwa gonaki, yamma da garin Managil, da wuya ka sami wanda bai taɓa cacar baki da Mati kafinta ba. Shekara talatin yana yi wa manoma allunan tare ruwa a bakin gonaki. Yakan tafasa baƙin man tarakta a rabin durom, ya zuba kwalta da wani farin gari da yake sayowa a Wad Madani, ya jiƙa katakon bagaruwa a ciki kwana bakwai. In katako ya fito, ruwa ba ya kama shi, gara ba ta kusantarsa. Wanda kuwa ya kuskura ya ce aikin yana wari, Mati zai raka shi da zagi har ƙofar gida.

Da matarsa Hasina ta rasu, ya kafa mata sabil a bakin hanya: randuna uku cikin inuwa, duk wanda ya sha, ladan ya isa gare ta. Ya san randa tana tsattsafo, mazauninta ba ya wuce damina biyu ya ruɓe. Na Hasina dai ba zai ruɓe ba. Ya jiƙa katakon mako biyu cur, har da murafan.

Kwana goma moɗa na rataye a bushe. Matan da ke dawowa daga gona sai su buɗe, su sunsuna, su rufe, su gangara tur'a. Randa ƙasa ce, ta zuƙe warin tas.

Ran sha ɗaya, yana zuba ruwa da safe, sai ga Yalwa, yayar marigayiyar, da sandarta.

"Kai Mati! Wanga sabil na, ko tashar mai?"

"Yaya, ina kwana ake fara cewa."

"Riƙe gaisuwarka. Mi ka zuba wa ruwan ƙanwata?"

"Ruwa lafiya lau yake. Mutanen garin ga ne hassada ta cika musu hanci."

"Jakin maƙwabcinka Mahmud ma hassada gare shi? Jiya an ɗiba mishi a bokiti, ya kau da kai."

Mati ya cika moɗa ya kwankwaɗe a gabanta. Maƙoshinsa ya yi kamar ya lashi bakin durom, amma ya daure ya goge baki.

"Kin gani? Garau."

"Sha, ya zol, bawan Allah, ƙara! Kai kaɗai za ka yi ta shan ladan? Tana da rai ka ɗura mata warin ga a tufa, a tuwo, har a gadon kwana. Ta tahi, ka bi ta da shi."

"Katakon nan zai kai shekara hamsin!"

"Shekara hamsin ba wanda ya sha. Mabruk, barka da aiki."

Ta tofar da yawu a gindin mazaunin, ta juya. Ya ɗaga murya ya ce danginsu kaf ba su san darajar aiki ba. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ya yini a wurin yana hararar masu wucewa. Da la'asar wani baƙo ya sauko daga bas, ya yi bismilla, ya kurɓa, ya furzar, ya tafi yana tsine wa wanda ya kafa abin, bai ma san sunan wadda aka yi dominta ba.

Mati ya koma gida ya ɗauko gatari. Ya fasa randunan uku, ya tumɓuke mazaunin ya jefar bayan katanga. Washegari ya kafa sababbi a kan ɗanyen icce da ko fere shi bai yi ba, irin aikin da ya shekara talatin yana zagin masu yinsa.

Yanzu ana sha. Kowace damina biyu iccen ya ruɓe, Mati ya sake wani yana ƙunƙuni. Yalwa takan tsaya ta sha moɗa guda, ta yi wa Hasina addu'a da ƙarfi yadda zai ji. Har yau ba sa gaisawa.