Na'urar da Na Liƙa wa Butar Inna

Mahaifinmu ya rasu ina Ngawundere ina jarrabawa, ban sani ba sai bayan kwana goma sha biyu. A cikin kwanakin nan sau uku ina buga waya gida, kowane lokaci a ce mini kowa lafiya, Baba ya fita. Da na dawo Garwa na tarar har an naɗe tabarmin zaman makoki. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce an cuce ni. Kawuna ya bari na gama tsaf, sannan ya ce haka ake yi. Mu fatake ne tun kakanni, kuma wanda ya tafi da kaya ba a aika masa da mugun labari ya watsar da su a hanya, sai a jira ya sauke. A wurinsu jarrabawa ma kaya ce. Ranar na rantse a raina ba za a sake yi mini haka ba, balle a kan Inna.

Kwamfuta na karanta. Na yi shekaru ina gina shafukan intanet, ina koyarwa, har na samu gurbin karatun digiri na uku a Turai. Sashen da na faɗa aikinsu shi ne gidan da zai riƙa lura da mai shi. Suna da tsofaffi da yawa da ke zaune su kaɗai, sai a liƙa 'yan ƙananan na'urori masu jin motsi a ƙofa, a gado, a firji, su riƙa aika labari zuwa wani shafi. Idan tsoho ya wuni bai motsa ba, shafin ya sanar da 'ya'yansa. Abin da ya dame su shi ne tsofaffinsu ba su da tsayayyen lokaci. Yau mutum ya sha shayi da safe, gobe ya ƙi, na'ura ta rikice ta yi ta ƙarya.

Sai na ce wa malamin da ke duba aikina na san wata tsohuwa da take yin abu guda sau biyar kowace rana, shekara sittin ba fashi. Na yi masa bayanin alwala da buta. Mutumin ya miƙe tsaye don murna. Ni kuwa kaina ya yi girma, don na ga hanyar da zan samu digiri kuma in toshe bakin dangi a lokaci ɗaya.

Da hutu na zo gida da kayana, a tsakiyar zafin Garwa. Inna a lokacin ita kaɗai ce a gidan, tana sayar da bandar kifin tafkin Lagdo a zaure. Yayata tana aure gida biyu tsakani, ita ke leƙa ta. Kunnen Inna ya yi nauyi, waya kuwa ta tsane ta. Ko me ka tambaye ta a waya amsarta ɗaya ce, lafiya lau, ko da ka ce mata nawa ne kifi.

Na liƙa na'ura ɗaya a ƙyauren ɗakinta, ɗaya a gindin butarta, wata shuɗiya ta roba mai tabon ƙuna a hannu. Kowace ba ta fi akwatin ashana ba. Na kafa ɗan faifan hasken rana a kan rufi saboda kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, da ba ya zama. Inna tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne tana kallona, Yaya tana fassara mata da ƙarfi.

"To, auta, wannan abin naka shi zai gaya maka na yi salla?"

"Zai gaya mini kin ɗaga buta, Inna. In kin ɗaga, wayata za ta yi motsi, in ga kore. In lokaci ya wuce ba ki ɗaga ba, in ga ja. Ba sai na tambayi kowa ba."

Na faɗi ƙarshen ina kallon Yaya, ita kuma ta kau da kai. Inna ta ɗauki butar ta juya ta, ta duba gindin.

"Ya san hannun wa ya ɗaga?"

Na yi dariya na ce a'a, bai kai can ba tukuna. Ta ce to, Allah ya yi albarka. Har na ba abokan aikina labarin wannan tambaya don su yi dariya, suka kuwa yi.

Shekara guda da 'yan watanni ina zaune da Inna a aljihuna. Ban taɓa saninta kamar yadda na san ta a lokacin ba. Asuba ba ta wasa da ita. Azahar takan ɗan jinkirta. La'asar kuwa abin kunya ce, don lokacin ne matan unguwa suke zuwa sayen kifin miyar dare, hira ta ɓarke, sai rana ta yi ja sannan a ɗauki buta a gurguje. Ina cikin ɗakin bincike, dusar ƙanƙara na zuba a waje, sai wayata ta motsa, in ce a raina, yau ma Hajiya an sha hira. Wannan jinkirin yana ɓata mini zanen da nake nunawa, amma yana sa ni murmushi.

Saura mako uku da 'yan kwanaki in kare aikina a gaban malamai, abin da muke kira sutanans a nan, sai na ga lokutan sun daidaita. Azahar a kan kari, La'asar a kan kari, kamar da agogo. Na yi farin ciki ƙwarai. Na rubuta da hannuna cewa na'urar ta zauna, ta daina kuskuren da take yi da farko.

Bayan kwana shida, wata Talata, shafin ya yi ja. Buta ta motsa da Asuba, ta motsa da Azahar, daga nan shiru har dab da Magariba. Ƙyauren ɗaki kuwa sai buɗewa yake yana rufewa kamar ƙofar shago ranar kasuwa. Na fita daga ɗakin bincike na buga wa Yaya, sai a kira na huɗu ta ɗauka.

"Yaya, jam na, lafiya dai? Me ke faruwa a ɗakin Inna?"

"Jam. Baƙi muka yi."

"Ba ni ita."

"Ka san ba ji za ta yi ba. Ga hayaniya. Ya karatun?"

Na ji hayaniyar kuwa, muryoyin mata da yawa. Na ce ko danginmu na garin Kusiri ne suka zo, ta ce har da su. Da Magariba da Isha wayata ta motsa, kore. Washegari sau biyar cif. Hankalina ya kwanta, har na ji kunyar kaina.

Ga abin da na yi da Talatar nan, kuma sai da na yi shekaru kafin in iya faɗa wa kowa. A aikinmu, ranar da ta fita daban da sauran saboda baƙi ko lalacewar na'ura, ana cire ta daga lissafi don kada ta ɓata sakamako. Ƙa'ida ce, kowa na yi. Na zaɓi ranar, na rubuta a gefenta cewa hayaniyar baƙi ce, na share ta.

Ranar sutanans na haska zanen makonnin ƙarshe a bango, layuka biyar miƙe sambal. Wani tsohon malami ya ce bai taɓa ganin ɗan Adam mai tsari haka ba. Na ce masa mahaifiyata ce, ina cike da alfahari. Aka tafa, aka ba ni digiri. Na buga wa Yaya, ta yi ta hamdala, sai na ji tana kuka. Na ɗauka na murna ne.

Bayan kwana huɗu na kamo hanya, jirgin sama, jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, sannan mota. A jakata akwai takardar shaida da turmin atamfa biyu da abin ƙara ji na kunne da na saya wa Inna. Muna hawa gadar Binuwai wayata ta motsa, Azahar, kore. Na nuna wa mutumin da ke kusa da ni, na ce tsohuwata ce take alwala yanzu haka.

A ajans, wato tashar mota, Kawu na gani yana jirana, shi da bai taɓa tarbar kowa a tasha ba. Ya ce sannu da zuwa dokta, ya karɓi jakata, ya yi ta tambayata sanyin Turai. Da muka isa na ga zaure a share, babu kwandon kifi, babu ko ƙamshinsa. Na wuce ciki. Ɗakin Inna da kwaɗo. Butar tana bakin ƙofa, Yaya tana zaune kusa da ita a kan kujerar Inna.

Kawu ya ce, "Sai haƙuri. Yau kwana ashirin da uku."

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ciro wayata na miƙa masa, ina nuna masa koren, kamar wanda zai ci gardama. Na ce ai yanzun nan ta yi alwala. Kawu ya dubi Yaya.

Yaya ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da Inna, kwana shida. Tun ranar farko da ta kasa tashi ta kira Yaya, ta ce, "Ki riƙa ɗaga butar nan sau biyar, ki buɗe ƙofa ki rufe. Ko na tafi kada ki bari sai ya sauke kayansa. Abin bai san hannu ba, shi ya faɗa da bakinsa." Yaya ta ce da ta ji kiran salla take baro girkinta ta zo ta ɗaga, don tana tsoron mantuwa.

"Wace rana ce?"

"Talata, bayan Azahar. La'asar ɗin nan ce kaɗai na kasa, muna wanka. Ka yafe mini ita."

Na zauna a ƙasa. Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Ta nuna mini ranar da Inna ta kwanta, na ce gyaruwa ta yi. Ta nuna mini ranar da aka fitar da ita, da kowane buɗe ƙofa na masu wanka da masu ɗauka, ni kuma na share da hannuna. Na so in yi faɗa irin na lokacin Baba, na rasa wanda zan yi da shi.

Muna nan zaune har aka kira La'asar a masallacin unguwa. Yaya ta miƙa hannu ba tare da ta sani ba, ta ɗaga butar, ta ajiye. Wayata ta motsa a tafin hannuna. Duk mu ukun muka ji ta.